Dalilin Bambancin Zare a Kawunan Sitod na Injinan Gona

Idan ka taɓa tsayawa kusa da bakanike yana kwance kan injin tarakta ko na ban ruwa, ka ga wata kusa marar kai, mai zare a gefe biyu, wadda ake kira sitod. Ka duba da kyau: a yawancinsu, zaren gefe ɗaya manya ne, na ɗayan kuwa ƙanana, a matse. Ba kuskuren maƙera ba ne.

Gefe mai manyan zare shi ke shiga jikin injin. Jikin nan ƙarfen zubi ne ko alminiyam, waɗanda ba su kai ƙarfen sitod ƙwari ba. Manyan zare suna da zurfi, kowane ɗaya yana kama nama mai kauri, don haka ba sa saurin cinyewa. Ga sitod mai kaurin inci 3/8, wannan gefen yana da zare 16 a kowane inci, gefen noti kuwa 24. A ma'aunin milimita, tazarar zaren sitod mai kaurin milimita 10 ita ce 1.5 a gefe ɗaya, 1.25 ko 1.0 a ɗayan.

Noti ƙarfe ne mai ƙwari, ƙananan zare ba sa cutar da shi. Kowane juyin sifana tafiya kaɗan yake yi, saboda haka ana iya matse gasket daidai gwargwado, kuma jijjigar injin ba ta saurin sassauta shi.

A nan ne asara take shigowa. Sau da yawa idan sitod ya karye, sai a saye kowace kusa a kasuwa, ko a juya shi a cusa ƙananan zare cikin ramin da ƙarfin tsiya. Noti ya lalace, kuɗi kaɗan ne. Ramin jikin injin ya cinye, sai an kai wurin masu gyaran zare, wataƙila tumatirinka na fadama yana jiran ruwa. Ni dai ban yarda da bakaniken da ke ɗaura sitod da filaya ba.

Ka share ramin, ka fara ɗaurawa da hannu. Idan ya cije tun juyi na biyu, ka tsaya. A ƙarfen zubi ya shiga zurfin da ya kai kaurinsa sau ɗaya da rabi, a alminiyam sau biyu. Wajen cire shi, ka ɗaura noti biyu su matse juna, sannan ka juya na ƙasa.