Kwanciyar beyar a hunturu da darasinta ga mai jinya a gida

A wannan mako za mu leƙa makwancin wata dabba da ba mu da ita a nan, wato beyar, saboda akwai abin da kwanciyarta za ta koya wa duk mai jinyar wani a gida.

A ƙasashe masu tsananin sanyi, beyar kan shige kogo ta kwanta har wata biyar ko fiye, ba ci ba sha, ba fitsari ba bayan gida. A daji kowace ita kaɗai take kwanciya, in ban da uwa da 'ya'yanta. Amma a wuraren da ake tsare da su, ƙarancin ɗakuna kan sa a haɗa biyu wuri guda, kuma daga nan rigima ke tasowa.

Kafin sanyi ya shigo, yunwa mai tsanani kan kama su, suna ci ba ƙaƙƙautawa domin tara kitse. A wannan lokaci akan yi faɗa a kan abinci da wurin kwanciya. Galibi abin kan tsaya a gurnani da huci da kaɗa haƙora, sai mai rauni ta ja da baya. Shi ya sa masu kula da su ke haɗa waɗanda suka saba da juna, su kuma raba mai ciki da namiji, domin a cikin kogo take haihuwa wajen Janairu, kuma namiji na iya kashe jariran. Idan barci ya kankama rigimar kan lafa, sai dai barcin ba mai nauyi ba ne, motsi kaɗan na iya tayar da su.

Tun 1986 Jami'ar Jihar Washington da ke Amurka take da cibiyar da ake ajiye waɗannan dabbobi ana nazarinsu. Wani bincike da aka yi a Alaska, aka wallafa a 2011, ya nuna bugun zuciyarsu kan sauko daga kusan 55 a minti zuwa wajen 14. Abin mamaki, duk da wannan doguwar kwanciya jini ba ya daskarewa a jijiyoyinsu. A 2023 masana suka gano a jikin beyar ta ƙasar Suwidin cewa wani sinadari mai suna HSP47, wanda ke taimakawa wajen haɗa gudan jini, yana raguwa ƙwarai a lokacin barcin. Sun kuma ga yana raguwa a jikin mutanen da suka daɗe da shanyewar jiki.

To a nan ne ya kamata ki lura, uwargida. Jikin mutum ba ya yin wannan gyara nan take. Haɗarin ya fi yawa a kwanaki da makonnin farko na kwanciya: bayan tiyata, bayan haihuwa musamman ta fiɗa, ko bayan karaya. Jini kan taru a jijiyar ƙafa ya yi guda, idan gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, ana iya rasa rai cikin ɗan lokaci.

Sau da yawa tausayi ne ke sa mu ce wa mara lafiya kada ya motsa. Da zarar likita ya ba da izini, ki taimaka masa ya tashi ya ɗan taka. Idan ba zai iya ba, ya riƙa motsa sawunsa sama da ƙasa, ki kuma riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya.

Idan kin ga ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo a sha-raɓa, kada ki murza ko ki kai wa mai tausa, ku tafi asibiti. Idan numfashi ya yi wuya kwatsam, ko ƙirji na ciwo, ko ana tarin jini, kada a jira gari ya waye. Kada kuma ki sayi asfirin ko wani maganin tsinka jini a kemis da kanki, domin yana iya jawo zubar jini, musamman ga mai jego da mai gyambon ciki. Wanda likita ya rubuta wa kuwa, ya sha yadda aka ce har ƙarshe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.