Tsohuwar Mota a Karkarar Kano: Gyaran da Mai Ita Zai Iya Yi da Hannunsa

A ƙauyukan Bichi, Dambatta, Kunchi da Makoda, tsohuwar mota ce ke kai buhunan gero da riɗi kasuwar Dawanau, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Wasu Peugeot 504 ne, irin waɗanda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975. Wasu kuma Golf ne da Carina da suka shigo ta Kwatano bayan sun gama aiki a Turai. Injinansu ba su da sarƙaƙiya, shi ya sa mai safana da filaya da natsuwa zai iya ɗauke wa kansa yawan zuwa gareji. Abubuwa uku ne suka fi kashe mota a wannan yanki: ƙura, zafi da gurɓataccen mai.

Ƙura ce kan gaba. Da hunturu, iskar da inji ke shaƙa cike take da rairayi mai laushi, wanda idan ya wuce matacin iska sai ya riƙa cin ringi da silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Don haka ake ciro matacin a kaɗe shi duk mako, a sauya shi da zarar haske ya daina ratsa shi. Masu cire shi gaba ɗaya wai don mota ta ƙara ƙarfi suna sayen gudun wata guda ne da ran inji. Ƙurar kan gangara cikin baƙin mai, saboda haka motar da ke bin hanyar burji bai kamata ta wuce kilomita 5,000 ba a yi mata juye ba, kuma tare da sabuwar filta. Tsohon inji ya fi jituwa da mai mai kauri irin 20W-50. Ana duba ma'auninsa da safe, a wuri mai daidai, kafin a tayar da mota.

Da bazara zafi kan haura digiri 40, a nan ne aibin lagireto ke fitowa. Ruwan rijiya da na burtsatse na barin gishiri da tsatsa su toshe ƙananan bututunsa. Ruwan sanyaya inji na kanti ya fi, in babu shi a nemi tataccen ruwa. Fanbel idan aka danna shi da babban yatsa bai kamata ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya ba. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi inji na zafi, domin tafasasshen ruwa ne zai yi tsartuwa a fuska.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowane ɗigo ya zama kuɗi. Man galan na 'yan bumburutu kan zo da ruwa ko datti, shi ya sa ake tace shi da tsabtataccen ƙyalle. Filogi ma yana ba da labarin abin da ke ciki: launin ƙasa-ƙasa lafiya ce, baƙin hayaƙi na nufin kafireta na zuba mai fiye da kima, jiƙewa da baƙin mai kuma alama ce ta ringi ya ci. Batir ana ƙara masa tataccen ruwa ne, ba asid ba, kuma idan za a cire shi, wayar da ke da alamar ragi ake fara kwancewa.

Taya na ɗauke da shekarunta a gefenta. Lambobi huɗun ƙarshe na rubutun DOT mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya mai kyawun zane kan fashe a kan kwalta mai zafi, musamman ƙarƙashin lodin ranar kasuwa. Wajen sauya ta a kan rairayi, ana shimfiɗa katako a ƙarƙashin jak, a tokare sauran tayoyin da dutse, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Akwai inda hannun mai mota ya kamata ya tsaya. Zai iya duba man birki, ya lura idan feda ta fara nutsewa, amma kwance birki, sitiyari da giya aikin ƙwararren makanike ne, domin kuskure a nan ba inji kaɗai yake ci ba, har da rayukan fasinja. Idan kuma tafiya ta kama zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kayan gyara, ana tafiya da tsohon ƙarfen a hannu, a gwada shi da sabon kafin a biya kuɗi.