Ma'anonin kalmar "hure" a Kurhwayanci

A Filinge da kewayenta, kamar sauran Hausar yamma, sautin /f/ yakan zama [h] gaban /u/, shi ya sa Kurhwayawa ke cewa *hure* inda Kano ake cewa *fure*. Muna ganin ma'anar kalmar ba ta zo daidai da *fleur* ta Faransanci ba. Tun a ƙamusun Bargery na 1934, tana kuma nufin huren taba, wanda ake rina haƙora da shi. Na hatsi kuwa, Hausa *bununi* take cewa. Furen ado sai aka aro masa *fulawa* daga Ingilishi, kalmar da ke nufin garin alkama ma, domin *flower* da *flour* furucinsu ɗaya ne. Ke nan, gwargwadon amfanin tsiro ake raba sunayen.