Kafin Ka Sayi Kwamfuta Don Buga Gem: Girafik Ɗin Cikin Furosesa Zai Wadatar?

Akwai tambayar da masu sayar da kwamfuta suka saba ji daga bakin matasa: "Za ta iya buga gem?" Amsar ma an saba da ita: "Haba, ai Core i7 ce, babu abin da ba za ta ɗauka ba." Sai yaro ya zube kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya isa gida ya sa gem ɗin ƙwallo na FC 24, ya ga 'yan wasa suna jan ƙafa, hoto yana tsayawa yana tafiya, ko ma gem ɗin ya ƙi buɗewa sam. Ba lallai mai shagon ya yi ƙarya ba, kwamfutar Core i7 ce da gaske. Abin da bai faɗa ba shi ne, a harkar gem, sashen da ke zana hoto a allo, wanda ake kira girafik, shi ne mai ɗaukar mafi nauyin aikin.

Girafik iri biyu ne. Akwai wanda yake kati ne mai cin gashin kansa, irin GeForce na kamfanin Nvidia ko Radeon RX na AMD, yana da ma'ajiyarsa ta musamman. Akwai kuma wanda aka haɗa a cikin furosesa tun daga masana'anta, ba shi da ma'ajiyar kansa, sai dai ya ari wani kaso daga RAM ɗin kwamfutar. Yawancin laftof ɗin ofis na hannu da ake shigo da su, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, na biyun nan ne a cikinsu.

To, girafik ɗin cikin furosesa ya wadatar ko bai wadatar ba? A nawa ganin ya wadatar ga mai ƙaramin ƙarfi, amma da sharaɗi biyu: ya zama na sabon zubi, kuma a ba shi RAM yadda ya kamata. A da, abin dariya ne a ce za a yi gem da irin wannan girafik. Al'amarin ya fara sauyawa sosai a 2018, lokacin da AMD ya fitar da Ryzen 3 2200G da Ryzen 5 2400G masu girafik na Vega. Intel ya biyo da Iris Xe a 2020, AMD ya ƙaro Ryzen 5 5600G a 2021, sannan a farkon 2024 aka ga Ryzen 7 8700G mai Radeon 780M, wanda ƙarfinsa yake kusantar na katin GTX 1650. Na'urar gem ta hannu ta Steam Deck, wadda kamfanin Valve ya fitar a 2022, ita ma da girafik ɗin cikin furosesa take aiki, kuma manyan gem ake bugawa a kanta.

Sai dai waɗannan ba su ne suka cika kasuwarmu ba. Abin da ya fi yawa shi ne tsofaffin zubi, kuma a nan ake shiga rami. Core i7 na 2012 mai girafik HD 4000 ko kusa bai kai Core i5 na 2020 mai Iris Xe ba. Don haka ka daina kallon i5 ko i7 kaɗai, ka dubi lambar da ke biye. Idan ka ga i5-8250U, zubi na 8 ne. I5-1135G7 kuma zubi na 11. Zubi na 8, mai girafik UHD 620, zai ɗauki GTA San Andreas da Minecraft da Valorant da tsofaffin PES da FIFA. GTA V ma zai tashi, amma sai ka sauke ingancin hoto ƙasa ƙwarai, ka mayar da allo zuwa 720, kuma duk da haka da haƙuri. FC 24 kuwa, mafi ƙarancin abin da masu shi suka gindaya shi ne katin GTX 1050 Ti, wanda ya fi ƙarfin UHD 620 nesa ba kusa ba. Wanda ke da 5600G zai buga GTA V lafiya lau, mai 780M har Cyberpunk 2077 zai taɓa idan ya rage ingancin hoto. Wani abin lura kuma, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa. Sayen abin da ya gaza haka a yau sayen wahala ne.

Batun RAM shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne mafi sauƙin gyara. Tun da furosesa da girafik duk daga RAM guda suke ɗiba, lamarin kamar mutum biyu ne a bakin rijiya: idan guga ɗaya ne dole ɗaya ya jira ɗaya, idan biyu ne aiki ya yi sauri. RAM ɗin DDR4-3200 guda ɗaya yana iya wuce da gigabait 25.6 a daƙiƙa, idan aka sa guda biyu ya ninka zuwa 51.2. Katin GTX 1650 na farko kuwa 128 yake yi shi kaɗai, ka ga ke nan girafik ɗin cikin furosesa ba shi da rarar da zai yi asara. Saboda haka 8GB guda biyu sun fi 16GB guda ɗaya amfani ga mai gem, ko da yake jimillarsu ɗaya ce. Ka sa a buɗe maka ka ga ko akwai gurbi na biyu, domin wasu siraran laftof an manne musu RAM a jikin allon na'ura, ba a ƙarawa ba a cirewa.

Akwai wata dabara da ya kamata kowa ya sani. Za a nuna maka a allo cewa kwamfutar tana da "8GB girafik", a ƙara maka kuɗi a kai. Windows tana yarje wa girafik ya ari har kusan rabin RAM, don haka kwamfuta mai 16GB za ta nuna kusan 8GB ko da babu kati a cikinta. Ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna GPU. Za ka ga sunan girafik ɗin a sama, a ƙasa kuma an ware ma'ajiyarsa ta kansa da ta aro. Idan sunan Intel UHD ne ko Iris Xe, to na cikin furosesa ne, komai girman lambar da aka nuna maka. Kuma ba kowane kati ne abin rawar jiki ba. GT 710 da GT 730 katuna ne masu zaman kansu, amma girafik ɗin 5600G ya fi su ƙarfi.

Masu harhaɗa kwamfutar tebur su lura da harafin ƙarshe. Furosesar Intel mai F, kamar i5-12400F, ba ta da girafik a ciki, haka ma Ryzen 5 5600 marar G. Idan babu kati, ko hoto ba za ka gani ba.

Ta fannin wuta kuwa, girafik ɗin ciki ya dace da yanayinmu. An ƙayyade 5600G, furosesa da girafik haɗe, a wat 65, alhali katin RTX 3060 shi kaɗai wat 170 yake ci. Ga mai dogaro da sola ko ƙaramin janareta, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Matsalar girafik ɗin ciki kuwa ita ce zafi: da zarar furosesa ta ɗau zafi sai ta rage gudu don kare kanta, gem ya fara sarƙewa. A watan Maris da Afrilu abin ya fi tsanani, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko filo ana gem, kuma a riƙa kai ta ana share mata ƙura.

Wanda burinsa sababbin manyan gem da cikakken ingancin hoto, ya ci gaba da tara kuɗi har ya sami mai kati, musamman da yake ba a iya ƙara wa laftof kati daga baya. Wanda tsofaffin gem da marasa nauyi suka ishe shi, Ryzen mai Vega ko Intel zubi na 11 zuwa sama, da RAM guda biyu, zai biya masa buƙata. Ko wanne ka zaɓa, kada ka biya kuɗi sai an sa maka gem ɗin da kake so a shagon, ka buga na aƙalla minti 20, ka ga yadda kwamfutar take yi bayan ta ɗau zafi.