Sarkin Yawa Ya Fi Sarkin Ƙarfi: Darasi Daga Murjani Da Ƙumbar Teku

Da wuya a sami Bahaushen da bai san murjani ba, ko da kuwa bai taɓa ganin teku da idonsa ba. Iyayenmu mata sun san shi a sarƙar wuya, har 'ya mace ma ana raɗa mata sunansa. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wannan jan dutse ƙashi ne na wata dabba mai rai da ake cirowa daga ƙarƙashin Bahar Rum, kuma danginta da ke zaune a tekuna masu ɗumi su ne ke gina manya-manyan tuddai a cikin ruwa. A yau waɗannan tuddai suna cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ina so in yi wa mai karatu bayanin abin da masana halittun teku suka gano game da dalilin da ya sa wasu murjanai ke mutuwa wasu kuma ke tsira, domin a ganina akwai darasi babba a ciki.

Murjanin da ke gina tudu ƙananan halittu ne masu taushin jiki da ke zaune dubbai a wuri guda, kowace tana fitar da farar ƙasa tana gina ɗakinta. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da hasken rana ta samar musu da mafi yawan abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Idan zafin ruwa ya ɗara abin da aka saba da shi a lokacin bazara da digiri ɗaya kacal, ya kuma ɗauki makonni a haka, sai wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ya lalace. Murjanin ya kori gansakukar, ya koɗe ya yi fari fat, in zafin bai sauka ba yunwa da cuta su ƙarasa shi.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Tuddan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da su, kuma ɗaruruwan miliyoyin mutane na samun kifi da kuɗin shiga da kariya daga igiyar ruwa ta dalilinsu. Duniya ta ga koɗewa ta gama-gari a 1998, da 2010, da kuma tsakanin 2014 da 2017. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta bayyana cewa an shiga ta huɗu, kuma zuwa watan Maris na 2025 zafin da ke jawo koɗewa ya shafi kashi 84 cikin ɗari na tuddan murjanin duniya. A babban shingen murjani na Ostareliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300, zafin 2016 kaɗai ya kashe kusan kashi 30 cikin ɗari na murjanin da ke ruwa marar zurfi.

To amma ko a inda ɓarnar ta fi tsanani, akan tarar da murjani guda yana nan da launinsa alhali na kusa da shi, nau'insu ɗaya, ya mutu. Wannan ne ya ja hankalin Farfesa Stephen Palumbi na Jami'ar Stanford da ke Amurka. Shi da ɗalibansa sun yi shekaru suna aiki a tsibirin Ofu na yankin Samowa ta Amurka, a tsakiyar tekun Fasifik, inda akwai wasu tafkuna tsakanin tudun murjani da gaɓa. A ɗaya daga cikinsu, idan ruwa ya janye da rana tsaka, zafi kan haura digiri 34, abin da ya isa ya halaka yawancin murjani, amma na wurin suna zaune lafiya. Tafkin da ke maƙwabtaka da shi kuwa da ƙyar yake wuce digiri 32, kuma nau'in murjani ɗaya ne a cikin duka biyun.

A 2013 suka wallafa cewa murjanin tafki mai zafi yana barin wasu ƙwayoyin gado guda 60 a kunne tun kafin zafi ya zo, kamar mai gadin da ya kwana da takalminsa a ƙafa. Ƙwayoyin gado dai su ne umarnin da kowace halitta ke gada daga iyayenta, wanda ke tsara yadda jikinta zai ginu da yadda zai yi aiki. Daga nan sai suka yi musanye: suka ɗebi rassa daga tafki mai sanyi suka dasa a mai zafi, na mai zafi kuma suka mai da su mai sanyi. Sakamakon da suka fitar a mujallar Science a 2014 ya nuna cewa cikin ƙasa da shekara biyu baƙin sun ƙara juriya ƙwarai, amma ba su kamo 'yan gida ba. Ma'ana, wani sashe na juriyar sabo ne, wani sashen kuma gado ne. Gadon nan kuma a warwatse yake a wurare masu yawa na ƙwayoyin gadon, kowane da ɗan abin da yake ƙarawa, kuma kowane murjani da irin rabon da ya samu.

Manomin gero ya san wannan magana tun kafin masana su ba ta suna. Wanda ya ajiye iri mai saurin nuna da mai jinkiri, in damina ta ɗauke da wuri ba zai tashi a tutar babu ba. Abin da masana ke kira bambancin ƙwayoyin gado ke nan: rumbun iri da ke cikin jinsi guda, wanda ba a gane amfaninsa a shekarar ƙoshi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Domin a ga yadda wannan rumbu ke aiki a fili, sai mu juya ga wata halittar. Ita ce ƙumbar teku, mai ɓawo biyu baƙi-baƙi da ke buɗewa da rufewa, tana manne wa duwatsun gaɓa tana tace abincinta daga ruwa, kuma Turawa na nomanta suna ci. Tun shekarun 1970 Richard Koehn da abokan aikinsa suka bi diddigin wata ƙwayar gado a jikin ƙumbar mashigin Long Island, kusa da birnin New York. Wani samfurinta yana taimaka wa dabbar a ruwa mai gishiri sosai, amma nauyi ne a kanta a ruwan da koguna suka surka. A buɗaɗɗen teku yawan samfurin ya haura rabi, a can cikin mashigin kuwa bai wuce kusan kashi 12 cikin ɗari ba. Kowace shekara igiyar ruwa na kwaso 'ya'yan ƙumba daga teku zuwa mashigin, kafin shekara ta ƙare kuma masu ɗauke da samfurin sun mutu da yawa. Da a ce ƙumba duk samfuri ɗaya ce, da ba ta iya mallakar wuraren biyu ba.

A 2020 kuma Marco Gerdol na Jami'ar Trieste da ke Italiya, tare da masana daga Sifen, suka karanta ƙwayoyin gadon ƙumbar Bahar Rum. Sun tarar da kimanin 45,000 da kowace ƙumba ke da su, da wasu kimanin 20,000 da wata ke da su wata ba ta da su, kuma da dama cikin waɗannan sun shafi yaƙi da cuta. Mai karatu ya tuna cewa ƙwayoyin gadon da ke gina jikin ɗan Adam gaba ɗaya kusan 20,000 ne. Masu binciken na ganin wannan yalwa na iya kasancewa cikin dalilan da suka sa ƙumbar ke kafuwa duk inda jiragen ruwa suka kai ta. Ta isa Afirka ta Kudu a ƙarshen shekarun 1970, kuma ta mamaye gaɓar yammacin ƙasar har zuwa Namibiya.

A nan ne ra'ayina ya shigo. Da zarar an ji cewa akwai murjani mai jure zafi, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a nemo zakaran gwajin dafi guda a yi ta dasa shi ko'ina. Ni ina ganin wannan hanya ce mai haɗari. Ƙungiyar Palumbi ta gwada murjani fiye da 200 a tsibiran Palau, ta kuma bayyana a 2021 cewa masu juriyar a barbaje suke a tuddai da yawa, sannan juriyar na zuwa da farashinta, domin masu ita sun fi jinkirin girma. Bugu da ƙari, yawancin aikin farfaɗo da tuddai ta hanyar dasa rassa ake yinsa, kamar dashen rogo ko rake, don haka duk rassan da suka fito daga uwa ɗaya gadonsu ɗaya, rauninsu ma ɗaya. Wanda ya jure zafi ba lalle ne ya jure cuta ko guguwa ba. A 2023, lokacin da ma'aunin zafi a wani mashigi na jihar Florida ya nuna sama da digiri 38, murjani mai yawa da aka sha wahalar dasawa ya mutu. Shi ya sa aikin irin su Mary Hagedorn ta cibiyar Smithsonian, wadda ke daskarar da maniyyin murjani iri-iri don ajiya, ya fi kwanta mini. Tunani ɗaya ne da na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, wadda ta ajiye samfurin wake sama da 15,000. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sai dai kada a ɗauka cewa rumbun nan ba ya ƙarewa. A ƙarshen watan Yunin 2021 zafi ya kai digiri 49.6 a garin Lytton na ƙasar Kanada, kuma Farfesa Christopher Harley na Jami'ar British Columbia ya ƙiyasta cewa halittun gaɓa sama da biliyan ɗaya, yawancinsu ƙumba da makamantanta, sun dahu a kan duwatsu cikin 'yan kwanaki. Idan ƙumba mai wannan yalwar gado ta kasa, ina ga murjanin da ke buƙatar shekaru kafin ya isa haihuwa? Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashe a 2018 cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na tuddan murjani, in ta kai digiri 2 kuwa fiye da kashi 99.

A taƙaice dai, binciken nan ya nuna cewa halittun teku na ɗauke da irin tsirarsu a jikinsu, amma irin yana buƙatar abu biyu: yawa da lokaci. Yawan yana samuwa ne idan aka kare tuddai masu faɗi, masu zafi da masu sanyi, aka hana kamun kifi da nakiya da zubar da dagwalo a gaɓa, domin 'ya'yan murjani su ci gaba da yawo tsakaninsu. Lokacin kuwa yana hannun ƙasashen da suka fi fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma kowace shekara da suka yi suna jan ƙafa ana cirewa ne daga kwanakin da suka rage wa murjani.