Kano Zuwa Jidda: Da Me Ake Auna Nisa?

Duk wanda ya yi nazarin harshen Hausa zai lura cewa kakanninmu ba su auna nisa da mil ko kilomita ba, da lokaci suke aunawa. Sukan ce gari kaza tafiyar yini ce, ko zango uku ne tsakani. A ganina, wannan tsohon ma'auni ya fi na taswira gaya wa matafiyi gaskiya, kuma hanyar Kano zuwa Jidda ta isa hujja.

A miƙe, tsakanin biranen biyu kilomita kusan 3,400 ne. Jirgin fasinja na zamani yana keta kilomita 800 zuwa 900 a awa guda, don haka mai lissafi zai ce tafiyar awa huɗu ce. Amma jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa, sai ya hau a hankali, ya kuma rage gudu tun kafin sauka. Ga iska, wadda kan tura shi ko ta tokare shi, ga kuma hanyoyin da aka shata masa a sararin kowace ƙasa. Shi ya sa tafiyar kan kai awa huɗu da rabi zuwa biyar. Wannan dalili ne ya sa Kano zuwa Legas, kilomita 800 da 'yan kai, ke cin kusan awa ɗaya da rabi.

Sai kuma rikicin agogo, wanda ke ruɗa hatta masu ilimi. Saudiyya na gaban Nijeriya da awa biyu. Wanda ya bar Kano ƙarfe goma na dare zai sauka agogon Jidda na nuna biyar na asuba, kamar ya yi awa bakwai. A dawowa kuwa sai ya ga tamkar awa uku kawai ya yi.

Kafin jirgin sama, wanda ya fara sauka Kano a 1925, wannan hanya ta watanni ce, sau da yawa ma ta shekaru. Maniyyaci kan bi ta Barno da Wadai da Darfur har tashar ruwa ta Sawakin, yana noma ko ƙwadago a hanya domin neman guzuri. Da dama ba su dawo ba, kuma zuriyarsu na cikin Hausawan Sudan na yau, tare da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa garin Mai Wurno.

Mun ɗauka nesa ta zo kusa har abada, sai shekarar 2023 ta ankarar da mu. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazanmu na wannan shekara suka koma zagaye. Lokaci ya ƙaru, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ya tashi, alhali Kano da Jidda ba su gusa ko taku ɗaya ba. Ƙasar da kakanninmu suka ratsa a ƙafa ita ce dai ta yanke tsawon tafiyar jikokinsu a sama.

Saboda haka ina kira ga hukumomin alhazai da kamfanonin jiragen sama da su riƙa faɗa wa matafiyi lokacin tafiyarsa na haƙiƙa, tun daga barin gida, da zaman sansani, da tantancewa, har isa masauki. Dattijuwa mai ciwon sukari da aka ce wa awa biyar ce, alhali za ta kwana ta yini a hanya, lafiyarta aka sa a kasada, domin da wannan lissafi ta tanadi abinci da magani. Mu kuma 'yan boko, ya kamata mu daina kallon zaman lafiyar Chadi da Sudan a matsayin labarin ƙetare, tunda ta samansu hanyarmu ta gabas ta bi.