Jagwalgwalon Yaro Shi Ne Tushen Rubutunsa

Sau da yawa idan yaro ya sami gawayi ya shiga zane a bangon gida, abin da ke biyo baya shi ne tsawa ko bulala. Amma masanan ilmin yara sun daɗe da gane cewa wannan jagwalgwalo shi ne matakin farko na zane da rubutu.

Wata malama Ba'amurkiya, Rhoda Kellogg, ta tara zanen yara kimanin miliyan ɗaya daga ƙasashe dabam-dabam. A littafinta na shekarar 1969 ta nuna cewa jagwalgwalon ƙananan yara ya kasu iri 20, kamar ɗigo, da layi a tsaye, da na kwance, da karkatacce, da mai kewaye. Daga waɗannan ne yaro ke haɗa rana da gida da mutum.

Saboda haka malamin da ya san aikinsa ba ya fara da haruffa. Yakan fita da yara kan rairayi su ja layi da yatsa, domin kuwa kafaɗa da dantse sukan riga yatsu ƙwari. Bayan haka sai a koma alli, daga nan fensir. Yakan nuna musu layin a cikin abin da suka sani: miƙaƙƙe kamar karan dawa, mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto, mai naɗi kamar dodon koɗi. In sun danna alli layi ya yi kauri, in sun sassauta ya sirance.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Dagin da magina ke yi a bangon gidajen Zariya da Kano, da aska takwas a babbar riga, da zanen ƙwarya, duk layuka ne aka sarƙa. Haka kuma haruffa: alifi layi ne miƙaƙƙe, harafin "o" kuwa kewaye ne.

Yaron da aka tilasta wa rubutu hannunsa bai faɗa ba, sau da yawa yakan tsani alƙalami tun daga aji ɗaya. Ya kamata iyaye su ba shi allo ko tsohon kwali maimakon duka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.